Giwar Hukunci ta Birnin Darmanu

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya tsaga koguna ya kafa duwatsu, ya raba arziki tsakanin na gida da na kan hanya. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin Tudun Gamji a ƙasar Kwandarma, mai maganin dabbobi ɗan mai maganin dabbobi. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na sha ruwan da ban san mafarinsa ba, na kuma dawo da raina. Ga labarin abin da ya same ni a birnin Darmanu, yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Mahaifina ya koya mini ɗorin ƙafar jaki, da tsagar kumburin saniya, da jiƙon da ake ɗura wa doki in cikinsa ya ɗaure. Ya kuma koya mini cewa abu uku ne ke juya dabba: yunwa da tsoro da sabo. Ya ce in na riƙe wannan, babu dabbar da za ta ba ni mamaki. Bayan rasuwarsa na ji labarin wata ƙasa a bayan Tekun Ciyawa, inda mutane ke kiwon giwaye kamar yadda muke kiwon shanu, kuma suna da magungunan da ba mu da su. Sai na ɗora wa jakina kanwa, don ita ce abin da na san kowace dabba na so, na bi ayari.

Tekun Ciyawa babu ruwa a cikinsa. Ciyawa ce da ta fi mai raƙumi tsawo, iska na kaɗa ta tana kwanciya tana tashi, ba itace, ba tudu, ba abin da ido zai riƙe. Fatake kan ɗaure junansu da igiya ɗaya in za su ratsa. Muna tsakiyarsa guguwa ta taso ta tsinke igiyar, da ta lafa sai na ga daga ni sai jakina. Na yi kira har muryata ta dushe, ba wanda ya amsa.

Ruwan salkata ya ƙare. Ina cikin lalube na faɗa kan garken ɓauna, farare fat, masu ƙaho kamar reshen itace. Na san ba za su rayu a nan ba sai da mashaya, amma ban san ko ina take ba, su kuma ba su da niyyar tashi. Sai na farfasa kanwa na watsa musu ta inda iska ke kai ƙamshinta. Suka taru suka lashe, ƙishirwa ta kama su, suka miƙe suka nufi ruwa, ni da jakina muna biye a kan hanyar da suka murƙushe. A bakin tafkin na ga zakuna sun kama wata tsohuwar ɓauna da ta rage a baya. Tana kuka, sauran suka ɗan matsa gefe suka ci gaba da shan ruwansu. Na ce a raina, Baba ya san abin da yake faɗa.

Daga tafkin wani rafi ya fita, na bi shi har ya kai ni babban kogin Sarma, kuma a bakinsa birnin Darmanu yake. Ganuwarsa ta jan dutse ce, ƙofofinta dogaye ne don giwa ta wuce da kaya a bayanta. Na ga giwaye suna jan gungume, suna ɗebo ruwa, suna ɗauke da yara zuwa gona. Harshen mutanen ya yi kusa da namu, sai dai suna jan magana. Na sauka kusa da babbar rijiyar kasuwa, na jiƙa wa jakina kanwa a komin da ake shayar da dabbobi. Mutane suka kewaye ni suna kallo, don ba su taɓa ganin farin dutsen da ke narkewa a ruwa ba.

Ban daɗe a garin ba amai da gudawa suka ɓarke a unguwar kasuwa. Yara suka fi mutuwa. Ban san abin da ya kawo ciwon ba, har yau ma ban sani ba, amma mutane sun tuna da baƙon da ya zuba farin abu a ruwa. Dogarai suka kama ni suka kai ni gaban Sarki Tunau. Na ce kanwa ce, na ɗauka na tauna a gabansu. Suka ce mai guba ai yana da makarinta. Sarki ya tashi tsaye gaban jama'a ya rantse da kabarin ubansa cewa a ƙarƙashin ƙafar giwa zan mutu.

A Darmanu haka ake kashe mai babban laifi. Akwai giwa guda da aka ware don wannan aiki, sunanta Marka, don a tsakiyar damina aka haife ta. Kurkukun da aka sa ni yana jikin turkenta, ta taga ina ganinta. Mai kula da ita wata tsohuwa ce, Tabawa, gajeriya mai farin gashi, wadda ta gaji aikin daga ubanta. Ita ce ta miƙo mini ruwa ta taga.

"Kai ne ka zuba gubar?" ta tambaye ni.

"Inna, ban zuba ba."

"Kowa haka yake cewa." Ta dube ni ta ɗan jima. "Sha dai. In an kwantar da kai, kada ka yi ta mutsu-mutsu. Wanda ya kwanta shiru ba ya shan wuya."

Da safe aka kai ni dandali. A tsakiyarsa akwai wani faffaɗan dutse, aka kwantar da ni a kai, aka ɗaure hannuwana. Hauni, wato mai zartar da hukuncin kisa, wani dogon mutum ne mai suna Dambo, riƙe da sanda mai ƙugiyar ƙarfe. Ya sunkuyo kaina, idanunsa jajir.

"'Yata tana cikin waɗanda ka kashe," ya ce. "Ko yaye ta ba a yi ba."

Na ce masa Allah ya ji ƙanta, ba ni ba ne. Ya tofa mini yawu ya miƙe.

Tabawa ta jawo Marka. Inuwarta ta rufe ni. Hauni ya ɗaga sandarsa ya ce, "Taka." Ta ɗaga ƙafar gaba ta ɗora a ƙirjina. Na ji kaushin tafinta ta cikin rigata, na ji nauyin ya fara sauka, na yi kalmar shahada. Sai nauyin ya tsaya. Ta jima a haka, ina jin numfashinta, sannan ta ɗauke ƙafar ta ajiye a gefen dutsen.

Hauni ya sake cewa, "Taka." Ba ta motsa ba. Ya kafa mata ƙugiya a bayan kunne ya ja, jini ya zubo har kan fuskata. Ta yi gurnani ta girgiza kai, amma ƙafafunta na nan inda suke. Ya yi ta dukanta har hannunsa ya gaji. Sarki ya tashi ya shige gida.

Washegari aka yi zama a fada a kaina. Alƙalin birnin, wani dattijo mai taushin murya, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, dabba ba ta da ra'ayi. Abin da aka saba mata shi take yi. Tunda ta bar sabonta, wani ne ya juya ta, kuma ga mai maganin dabbobi a gabanmu. Sihiri ya yi mata. Hukuncin mai sihiri wuta ce."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na girma cikin giwaye. Wannan ta ji umarni sarai, ta ƙi. In kuwa ta ƙi umarnin sarki da saninta, to bore ta yi, kuma an san hukuncin mai bore."

Sarki ya juyo gare ni. "Kai baƙo, ka ce sana'arka ce. Dabba tana ƙin abu da saninta?"

Na ga inda maganar ta nufa. In na ce dabba ba ta zaɓi, na zama mai sihiri, a ƙone ni. In na ce tana zaɓi, a kashe wadda ta bar ni da rai. Sai na ce, "Allah ya ba sarki nasara, abin da aka koya mini daban, abin da na gani jiya daban, ban kuwa isa in raba su ba. Amma gwadawa ba wuya. A kawo wani mai laifi wanda ban taɓa gani ba, a kulle ni nesa. In ta taka shi, to ni na yi mata wani abu."

Sarki ya yarda. Akwai wani ɗan fashi a tsare da ya amsa laifinsa da bakinsa, aka kwantar da shi a kan dutsen, ni ina kulle a can ƙarshen gari. Tabawa ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce wannan karon Marka ko ɗaga ƙafa ba ta yi ba. Ta shinshina mutumin, ta juya masa baya. Da takobi Hauni ya gama da shi.

Maganar sihiri ta faɗi, amma rantsuwar sarki na nan, kuma ba ya son ya rasa giwar da ake tsoron Darmanu saboda ita. Sai ya yanke cewa a ɗaure ni da sarƙa a ƙafar Marka, a hana ta abinci. A tara rake da harawa inda za ta gani ba za ta kai ba. Ranar da ta taka ni, ranar za ta ci.

Haka na zauna a gindinta. Tabawa kan kawo mana ruwa, ni kuma a jefo mini ɗan tuwo don kada yunwa ta riga giwa. Kullum da hantsi Hauni zai zo ya ce, "Taka," ya yi mata sabon rauni, ya tafi. Na tambayi Tabawa ko ta san dalili.

"Ban san abin da ke cikinta ba, ɗan nan," ta ce. "Abin da na gani dai zan faɗa maka. Na ƙarshen da ta taka wani masunci ne. Da aka watse, uwarsa ta zo. Ba ta zagi kowa ba. Ta zauna a ƙasa, ta kwance ɗankwalinta, ta kama ƙafar Marka tana goge jinin ɗanta, tana kiran sunansa. Marka ta tsaya mata har ta gama. Tun ranar in mun zo wucewa ta dandali sai ta kauce ta bi ta bayan rumfuna."

"Kafin nan fa? Ta taka mutane da yawa?"

"Da yawa. Ni nake wanke ta bayan kowanne."

Kada wanda ya ji labarin nan ya ɗauka Marka ta so ni. Ba ta so ni ba. Yunwa ta ci ta har ƙasusuwan bayanta suka fito, kuma ta san ni ne tsakaninta da raken nan. Takan dube shi, ta dube ni. Wata rana da zafin rana ta miƙa hanci iyakar tsawonsa ba ta kai ba, sai ta juyo ta naɗe ni ta buga da ƙasa. Haƙarƙarina ya tsage. Ina kwance ba na iya numfashi, na ga ƙafarta a sama daidai kaina. Ba Hauni a wurin, ba Tabawa, ba mai ba ta umarni ko mai hana ta. Ta riƙe ƙafar a sama har na gaji da jira. Sannan ta sauke ta a hankali, ta ja da baya iyakar sarƙa, ta jingina goshinta da bango. Ranar ba ta sake duban raken ba.

Daga nan na fara wanke mata raunukanta da ruwan da ake ba ni in sha. Wanda ya fi muni shi ne na ƙafa, inda sarƙa ta ci nama har ya fara wari. Tabawa ta duba shi, sannan ta ce mini, "Ka iya ruwa?"

"Ban iya ba, Inna."

"To ka iya riƙo?"

Ta tafi fada ta faɗi gaban sarki. Ta ce giwar da ta daɗe ba ta shiga kogi ba fatarta tsagewa take, ga miki a ƙafa, in ba a wanke shi ba za ta mutu kafin ta yi biyayya, sarki ya rasa giwa ya rasa cika rantsuwa. Sarki ya ba da izini a kai ta kogi da tsakar rana, da dogarai. A bakin ruwa Tabawa ta nuna wa Hauni mikin, ta ce ba ya wankuwa da sarƙa a kai. Ya duba ya ga gaskiya ne, ya sa aka kwance sarƙar daga ƙafa aka ɗaura a igiyar wuyanta. Sarƙar gajeriya ce, don haka dole na hau wuyan giwar, Tabawa ta hau bayana da tsumman wanki.

Marka ta shiga ruwa zuwa gwiwa, zuwa ciki. Dogarai na zaune a inuwa. Tabawa ta sunkuya ta yi mata magana a kunne, maganar da ban ji ba, sai kawai na ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinmu. Giwar ta nutse, ba abin da ya rage a sama sai kan hancinta da mu biyu, ruwa har wuyanmu. Na rungume igiya na rufe ido. Ina jin ihun dogarai a baya, amma ba wanda ya yarda ya harba kibiya ya sami giwar sarki.

Hauni ne kaɗai ya faɗa cikin kwalekwale tare da masu tuƙi, ya biyo mu. Sarma kogi ne mai ƙarfi a tsakiya, kwalekwalen ya juya ya kife. Matuƙan suka yi iyo suka koma, shi kuwa ruwa ya kwaso shi ya kawo gaɓar da muka fita, ya jefa shi cikin laka. Da muka hau tudu muka same shi a kafe har ƙugu, yana ƙara nutsewa, sandar ƙugiyar na hannunsa har yanzu.

Tabawa ta kwance sarƙata daga igiyar wuyan Marka, muka sauka, ta tsaya tana dubansa. "Dambo, na goya ka kana yaro," ta ce. "In na bar ka, za ka koma ka yi shiru?"

"Ba zan yi ba, Inna. Ya kashe mini 'ya. Ko bayan duniya ya je sai na bi shi."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ga Marka, ta dafa hancinta, ta nuna mutumin da ke cikin laka, ta ce, "Taka."

Tun tana jaririya Marka ba ta taɓa ƙin maganar Tabawa ba, yanzun nan ma da maganarta ta ratsa kogi da yunwa a cikinta. Ta shiga lakar ta tsaya a kan Hauni. Kunnuwanta duk saran ƙugiyarsa ne, wasu ba su daina jini ba. Ta fizge sandar daga hannunsa, ta taka ta ta karye, ta yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen gaɓar duka. Tabawa ta sake faɗa, da ƙarfi. Marka ta naɗe shi da hanci, ta tumɓuke shi daga laka, ta wurga shi kan busasshiyar ƙasa kamar buhu. Sannan ta fito ta wuce mu ta nufi daji.

Tabawa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hannu. Da ta tashi ta ce, "Mu tafi. Ta jawo mana wahala da ta bar shi da rai, amma ni ce da abin kunya."

Na fasa sarƙata da dutse, muka cim ma Marka, muka kama hanyar gabas. Ba mu yi sauri ba, don Marka sai ta tsaya ta ci, kuma Tabawa ba ta da ƙafar gudu. Ƙasar da muka shiga itatuwanta masu jan ganye ne, 'ya'yansu kamar tulu, in suka faɗo sai su fashe da ruwa mai zaƙi. Da su muka rayu. Tabawa ta nuna mini saiwar da ake dakawa a shafa wa mikin giwa, da ɓawon da ake ba ta in cikinta ya ɓaci. Ilimin da na baro gida dominsa a wannan 'yar tafiya na same shi. Mikin ƙafar ya fara kamewa, Marka ta fara watsa wa kanta ƙasa tana kaɗa kunne.

Mutanen sarki sun cim mana a bakin wani kwazazzabo, da la'asar. Barade ne a kan dawakai, sun haye ta mashigin da ke can sama, Hauni na gabansu da mashi. Ba inda za mu bi, dutse a dama, rami a hagu. Tabawa ta ce in tsaya a bayanta, ta fita fili ta ɗaga hannu.

"Dambo, ka saurare ni. Wannan giwar ta ciro ka daga laka bayan ni na ce ta kashe ka. Ka koma gida ka yi makokin 'yarka."

"Matsa, Inna."

"Ba zan matsa ba."

Na tabbata ni ya nufa, don idonsa a kaina yake lokacin da ya jefa mashin. Dokinsa ne ya yi tsalle saboda warin giwa. Mashin ya sami Tabawa a ƙirji, ta zauna, sannan ta kwanta a gefenta.

Ba wanda ya ce wa Marka komai. Ta tafi kansu da gudun da ban san tana da shi ba. Dawakai suka watse, na Hauni ya yar da shi. Ya tashi zai gudu, ta buge shi da hanci ya faɗi, ta ɗora ƙafa, ta sauke nauyinta duka. Ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan. Sauran baraden suka tsere zuwa wani tudu mai nisa suka tsaya suna kallo, ba wanda dokinsa ya yarda ya matso.

Na riƙe kan Tabawa a cinyata. Ta ce, "Ta taka shi?" Na ce ta taka. Ta rufe ido ta ce, "Kaico, 'yata." Ba ta sake magana ba.

Marka ta dawo ta tsaya a kanta. Ta taɓa fuskarta da kan hanci, ta ɗaga hannunta ta saki, ta sa haure a ƙarƙashinta tana son ta tayar da ita zaune. Da ta ga ba ta tashi, sai ta je ta karyo rassan jan itacen nan ta fara jerawa a kanta, ɗaya bayan ɗaya, ta kwaso ƙasa da ganye ta zuba, har gawar ta rufu. Ni ma na tashi ina taya ta.

Da muka gama na dubi inda Hauni yake. Ungulaye sun fara sauka a kan duwatsu. Na je na kama ƙafarsa zan ja shi in tura cikin ramin, don ba na son ya kwanta kusa da Tabawa. Sai na ji hancin Marka a ƙirjina. Ba ta buge ni ba, ta dai tura ni baya har na saki. Ta tsaya tana duban mutumin da ta kashe, ta daɗe fiye da yadda ta daɗe a kan Tabawa. Ta miƙa hanci za ta taɓa shi, ta janye, ta sake miƙawa ta taɓa. Sannan ta juya ta nufi itatuwa, ta karyo reshe, ta kawo ta ɗora masa.

Na tsaya ina kallonta tana kai da kawowa, tana ɗingishi a ƙafar mikin. Daga can tudu wani tsohon barde ya sauka daga dokinsa, ya ajiye mashinsa a ƙasa, ya tako a hankali da hannuwansa a buɗe. Marka ta dube shi, ta ci gaba da aikinta. Ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Kai ka sa ta?" ya tambaya.

"Ban sa ta ba, baba. Hana ni ma ta yi."

Ya sunkuya ya ɗebo ƙasa da hannu biyu ya zuba a kan Hauni. Sai ni ma na je na karyo reshe. Mu uku muka rufe shi, kamar yadda aka rufe Tabawa, har tarin biyu suka yi daidai. Na yi musu addu'a su duka, tsohon ya ce amin. Ya ce zai gaya wa sarki cewa giwa ta taka mutum, kuma daji ya cinye baƙo. Ya koma wurin dokinsa, baraden suka juya.

Marka ta tsaya tsakanin tarin biyu har rana ta yi ja. Na kawo mata 'ya'yan itace na fasa a gabanta, ba ta ci ba. Can ta juya ta kama hanyar cikin daji, ba gabas da muka nufa ba, ba Darmanu ba. Na bi ta 'yan taku ina kiran sunanta. Ta tsaya, ba ta waiwayo ba. Na gane ba ta son rakiya, na tsaya. Ta shiga cikin jan ganyen nan, na ji karyewar rassa na ɗan lokaci, daga nan ban ƙara jin komai ba.

Ni kuma na ɗaure saiwoyin da Tabawa ta nuna mini a gefen rigata, na ɗauki sanda, na fuskanci gabas ni kaɗai. Nan labarin Darmanu ya tsaya. Allah ya ji ƙan waɗanda na baro a bakin kwazazzabon nan, su biyun.